Sauya Famfon Sitiyari a Tsohuwar Babbar Mota: Tambayoyin da Direbobi ke Kawowa Magazin

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa daga bakin direbobi da masu motoci na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, da waɗanda ke yada zango a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, kafin su kama hanyar Arewacin Ghana. Motocin yawanci sun kwana biyu: DAF da MAN da Benz masu jan tirela, Kia Rhino da Hyundai Mighty masu ɗaukar doya da gawayi, sai ƙananan a-kori-kura irin Hilux da Nissan. Kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa, a sa masa famfo mai ƙarfi. Akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya zaro kuɗinsa.

1. Mene ne ainihin aikin famfon sitiyari?

Famfo yana zuƙo mai daga tanki, ya tura shi ta tiyo zuwa akwatin sitiyari. A cikin akwatin akwai bawul da fistin. Da ka murza sitiyari dama, bawul ya karkatar da man zuwa gefe ɗaya na fistin, man ya taya ka tura tayoyin. Da ka saki, man ya koma tanki ya sake zagayowa. Mafi yawan famfunan da muke buɗewa suna da wani ƙarfe mai juyawa da aka tsattsaga, da siraran faranti a cikin tsagogin. Idan ya juya, farantan su fito su manne da bangon zobe su kwashi mai. Wannan bango da bakin farantan su ne ke cinyewa da tsufa.

A ƙananan motoci bel ne ke juya famfo. A manyan motocin Turai haƙoran giyar injin ne, wani lokaci ma a bayan kwamfireson iska aka ɗaura shi.

2. Masta, sitiyarina ya yi tauri. Famfo ne ya mutu ko?

Wataƙila shi ne, amma sau da yawa ana ɗora wa famfo laifin da ba nasa ba. Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Duba mai a tanki. Duba iskar tayoyin gaba, don tayar da ta yi laushi a ƙarƙashin lodi tana riƙe kwalta sosai. Danna bel da yatsa, ka kuma dubi cikinsa: idan ya yi sheƙi, zamewa yake yi. Daga nan a sa jak a ɗaga gaban mota, injin a kashe, ka juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Idan da tayoyi a sama ma yana cijewa, to maganar ba ta famfo ba ce.

A nan kimfin, wato ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa idan an murza sitiyari, ke tona asirin kansa. Motar da ke shiga ƙauyukan Ejura da Atebubu ɗauko doya, jar ƙasa da ruwan damina suna shiga kimfin ɗinta su daskare. Ka sa bindigar giris a kan nono, ka matsa, ka matsa, sai ka ga wani busasshen abu ja-ja kamar tsatsa yana fitowa ta gefen bushin kafin sabon giris ya biyo. Sau da yawa daga nan direba zai hau ya juya, ya ce ai ta saki. Wani lokaci kuma nonon ya toshe gaba ɗaya, yaron mota yana ta sa giris a waje, ciki ko ɗigo bai shiga ba.

Yanayin taurin ma yana nuna inda ciwon yake. Idan yana tauri a silo amma da ka taka totur ya yi sauƙi, zargi ya fi faɗawa kan famfo. Idan gefe ɗaya kawai yake tauri, a dubi akwati ko kimfin. Idan yana cijewa yana saki a kowane zagaye, kuros ɗin sandar sitiyari ne ya bushe. Tabbaci dai sai an auna, kamar yadda ke tambaya ta 4.

3. Lambobi biyu nake gani a jikin famfo, bar da lita. Me suke nufi?

Wannan ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta. Bar ma'aunin matsi ne, wato ƙarfin turawa. Lita a minti ɗaya kuwa yawan man da famfo ke aikawa ne. Ɗauki ɗan dako a kasuwar Kejetia: nauyin da zai iya ɗagawa daban, saurin da zai kai kayan daban. Matsi shi ke sa taya ta juya mota na tsaye da lodi. Yawan mai shi ke sa taimakon ya riƙa bin hannunka idan kana murzawa da sauri.

Ƙananan a-kori-kura yawanci suna aiki tsakanin bar 70 zuwa 110, da mai kamar lita 6 zuwa 10 a minti. Manyan motoci kan kai bar 130 zuwa 180, da lita 16 zuwa 25. Waɗannan jimla ce kawai, lambar da za ka bi ita ce ta jikin famfonka da ta akwatinka. Direban da ya ce sitiyari na yi masa nauyi yana tsaye, matsi yake nema. Wanda ya ce idan zai yi ribas da sauri a cikin tasha sai sitiyarin ya ƙame na ɗan lokaci sannan ya saki, yawan mai ne ya gaza masa. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

4. Yaya ake auna famfo a gane ya gaji?

Ana haɗa gej, wato agogon auna matsi, mai bawul ɗin rufewa tsakanin famfo da akwati. A tada injin, a jujjuya sitiyari har mai ya ɗumama, kamar digiri 50 zuwa 80, domin mai mai sanyi yana da kauri, yana rufa wa gajiyayyen famfo asiri. Sannan a rufe bawul ɗin a karanta allura, a buɗe nan take. Kada a wuce daƙiƙa 5 a rufe. Idan allurar ta kai abin da ke rubuce a jikin famfo, famfon na da rai. Idan ta tsaya can ƙasa, ya gaji ko bawul ɗinsa na rage matsi ya maƙale.

Idan famfo ya ci jarrabawa amma har yanzu akwai tauri, mai na sulalewa ne a cikin akwati ta gefen fistin, kuma sabon famfo ba zai gyara wannan ba. Abu guda da ke rikita masu koyo: akwatunan manyan motoci irin ZF Servocom suna da bawul da ke sauke matsi da gangan dab da ƙarshen juyi. Don haka faɗuwar allura a ƙarshe ba lalacewa ba ce. Ana sa ƙarfe a tokare tayar kafin ta kai ƙarshe, sannan a karanta. Kafin a rufe bawul ɗin gej kuma, a karanta gargaɗin da ke tambaya ta 7.

Ina roƙon masu motoci su riƙa neman a yi musu wannan awo. Kuɗinsa bai kai kusa da kuɗin famfo ba.

5. In na sa famfon babbar mota a ƙarama, ba sitiyari zai ƙara laushi ba?

Zai yi laushi na ɗan lokaci, sannan ɓarna ta biyo. An ƙera akwati da sil ɗinsa (robar da ke hana mai yoyo) da tiyo don wani matsi ƙayyadadde. Ka ba akwatin bar 100 famfon bar 160, abu na farko sil ɗin sanda ya fara zufa, daga nan tiyo ya kumbura a bakin matsi. Mafi muni shi ne ƙarfin da ya yi yawa yana sauka kan sandar da ke fitowa daga akwati, da tayirod, da wurin da aka ɗaure akwatin a jikin shasi. Tsohon shasi yana tsagewa a zagayen ramukan kusoshin nan, tsagar tana ɓoye a ƙarƙashin laka da mai, ba mai gani sai ranar da akwatin ya motsa.

Idan kuma yawan mai ne ya wuce kima, man da akwati bai buƙata yana ta zagaye yana zafi, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a guje. Laushin da ke da daɗi a cikin tasha, a gangaren Kintampo da lodi hatsari ne, don direba ya daina jin abin da tayoyinsa ke takawa.

6. To yaushe ne ƙara girman famfo ke da ma'ana?

Idan an sauya akwatin sitiyari zuwa wanda ya fi girma, dole famfo ya bi shi. Haka idan an sauya gatarin gaba da akwatinsa zuwa na mota mai nauyi, ko an ƙara silinda mai taya akwati turawa, kamar yadda ke wasu motoci masu gatarin sitiyari biyu. Sai kuma abin da ya fi yawa a Magazin, wato sauya injin. An cire injin asali an dasa wani, famfon da ya zo da sabon injin na wata mota ne dabam. Nan ma sai an nemo wanda bakinsa ya dace da injin, lambobinsa kuma suka dace da akwatin.

Akwai kuma famfon da aka daina yi, sai a nemi na zamani mai lambobi iri ɗaya. Wannan sauyi ne mai kyau. Abin da ba na goyon baya shi ne ƙara famfo don a rufe matsalar lodin da ya wuce ƙarfin gatari.

7. Me zan duba kafin in biya kuɗin famfo?

Tafi da tsohon a hannunka. Karanta farantin jikinsa, ko ka ɗauki hotonsa da waya bayan ka goge shi da fetur. Bar da lita su yi daidai, ko su kusanci juna ƙwarai. Sannan ka tabbatar da wajen juyawa: akwai mai juya dama, akwai mai juya hagu, a ido kuma kamanninsu ɗaya. Wanda aka juya baibai ba zai ba da matsi ba. Ƙirga haƙoran giya ko na sanda, gwada ramukan kusoshi, dubi bakin tiyo ko zaren ya yi daidai. A mai bel, layin fuli ya zauna daidai da na injin, in ba haka ba bel zai riƙa cin gefe yana tsinkewa.

Abu biyu na manyan motoci. Wasu famfunan ba su da bawul ɗin rage matsi a jikinsu, yana cikin akwati ne. Ka haɗa irin wannan famfo da akwatin da shi ma ba shi da bawul, babu abin da zai tsayar da matsi sai tiyo ya fashe. A irin wannan famfo ba a rufe bawul ɗin gej gaba ɗaya lokacin awo, a hankali ake matsawa ana kallon allura. Na biyu, a motoci irin Actros da Volvo FH famfon sitiyari da famfon jawo gas goye suke da juna, don haka ɓangaren gas ma sai ya dace.

8. Sabo, hom-yus (na hannu daga ƙasar waje), ko a gyara nawa?

Hom-yus na asali, ZF ko LuK da aka ciro daga motar da ta zo daga Turai, sau da yawa ya fi sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba. Amma sai ka duba. Juya sandar da hannu ka ji ko tana ƙarar yashi ko tana girgiɗi. Karkata shi ka ga man da zai zubo: idan yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, ajiye musu kayansu. Ku yi magana da mai shago tun kafin kuɗi ya fita, cewa idan gej ya ƙaryata famfon za ka dawo da shi. In babu a Suame, ana aikawa Abossey Okai a Accra.

Gyara yana da amfani idan yoyo ne kawai, a sa sabon sil da zobban roba. Idan ka buɗe ka shafa bangon zoben da farce ka ji kunya-kunya, sabon sil ba zai dawo da matsi ba.

9. Wani bakanike ya ce zai yi wa bawul dabara da wosha, ko ya rage fuli. Ya halatta?

Dabarar woshar tana aiki, shi ya sa take da haɗari. Ana ƙara wosha ko a cire, gwargwadon ƙirar bawul ɗin, sai sifirin ya ƙara tauri, matsi ya hau. Siririyar wosha guda tana iya ɗaga matsi fiye da yadda ake zato. Wanda ya yi haka ba gej a haɗe, caca yake yi da duk abin da na lissafa a tambaya ta 5. Kuma idan famfon ya riga ya cinye, wosha ba za ta ƙara masa komai ba, tunda ko matsin asali ba ya kaiwa.

Ƙaramin fuli yana sa famfo ya ƙara gudu, a samu sauƙi a silo. A babbar hanya kuma famfon na gudun da ya wuce nasa, mai ya yi kumfa da zafi. Idan injin da aka dasa silonsa ƙasa ne, ana iya rage fuli kaɗan, da lissafi.

10. Wane mai zan zuba?

Abin da aka rubuta a murfin tanki ko a littafin mota. Yawancin tsofaffin motocin da muke gani jan mai suke sha, Dexron II ko III. Akwai manyan motocin da kamfani ya ce a sa musu man injin, akwai kuma masu shan wani koren mai na musamman. Kada a gauraya su. Man birki kuwa ko ɗigo kada ya shiga, yana kumbura roba ya kashe sil ɗin famfo da na akwati gaba ɗaya. Guji man da ake aunawa a buɗaɗɗen galan a bakin titi, ƙurar hunturu ta riga ka shiga ciki.

11. Yaya ake ɗaura sabon famfo kada ya mutu da wuri?

Famfon da ya mutu ya bar garin ƙarfensa a cikin tiyo da akwati da tanki. Ka ɗaura sabo a kan wannan datti, ka ba shi gubar da ta kashe na farko. A cire tanki a wanke. Manyan motoci suna da filta a cikin tankin, wanda direbobi da yawa ba su ma san da shi ba, a sauya shi. A cire tiyon da ke dawo da mai a sa bakinsa a galan, a riƙa zuba sabon mai ana juya sitiyari har abin da ke fitowa ya zama tas kamar sabon da ake zubawa.

Tiyon matsi a kai wa masu matse tiyo da inji su yi sabo wanda ƙarfinsa ya wuce bar ɗin famfo. Ba a ɗaure shi da kilif ko waya. Tiyon zuƙowa ma a matsa shi da hannu: idan ya yi laushi, zai riƙa shaƙewa ya hana famfo mai.

Sai fitar da iska. Gaban mota a kan jak, injin a kashe, tanki cike. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, sau da yawa, yaro na tsaye a bakin tanki yana ƙara mai yana kallon kumfa. Idan kumfa ta daina tasowa, a tada injin na ɗan lokaci a kashe, a sake cikawa. Kada tanki ya taɓa ƙafewa injin na aiki, famfon da ya juya a bushe nan da nan yake ƙonewa. Sannan a bar shi a silo a ci gaba da juyawa har ƙara ta kwanta.

12. An sa sabo amma yana kuka, man kuma yana zafi. An cuce ni ne?

Buɗe tanki injin na aiki. Idan man ya yi kumfa ya koma ruwan hoda, iska ce ke shiga, galibi ta bakin tiyon zuƙowa. Wurin ba lallai ya yi yoyo ba, iska kawai yake sha. Kuka mai kaifi lokacin juyi bel ne. Ƙugi mai bin totur kuwa famfo ne ke jin yunwar mai, a koma kan filta da tiyo kamar yadda ke tambaya ta 11.

Zafi kan zo daga famfon da litarsa ta yi yawa, ko tiyo da ya lanƙwashe, ko halin direba na danne sitiyari a ƙarshe yana jira. Kada a riƙe shi a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5. Man da ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙuna ya gama aiki. Motar da ke yawan ribas da lodi a kasuwar Techiman ko wurin ɗibar yashi, ƙaramin lagireton mai a kan tiyon dawowa yana taimakonta ƙwarai, kuma a ganina ya fi yawancin sauye-sauyen da ake kashe wa kuɗi amfani.

13. Mai na raguwa kullum, amma ba na ganin ɗigo a ƙasa. Ina yake zuwa?

Idan famfonka mai giya ne, zaro sandar auna baƙin mai. Sil ɗin gaban famfo idan ya mutu, man sitiyari cikin injin yake zuba, sai ka ga baƙin mai na ƙaruwa maimakon raguwa. A famfon da ke goye da na gas, wanda aka ambata a tambaya ta 7, shinshina tankin sitiyari: warin gas ko mai da ya tsinke alama ce sil ɗin tsakiya ya tafi. A ƙananan motoci masu sitiyarin rak, man kan taru a cikin robar da ke rufe bakinsa. Matsa robar ka ji.

14. Motata ba ta zo da fawa, wato sitiyari mai famfo, ba. Za a iya sa mata? Na kuma ji ana maganar na lantarki.

Ana iya sawa, amma famfo ƙaramin ɓangare ne na aikin. Ana bukatar akwatin fawa, tanki, tiyo, mazaunin famfo a jikin injin, da fuli mai ƙarin layi. Hanya mafi aminci ita ce a samo dukan kayan daga mota irin taka wadda ta zo da fawa daga kamfani, ramukan shasi su hau ba tare da huda sababbi ba. A tabbatar akwatin na motar da sitiyarinta ke hagu ne, tunda Ghana ta koma tuƙi a hannun dama tun 1974, kayan da aka ciro daga motocin Ingila ko Japan kuwa sau da yawa na ɗaya gefen ne. Hannun da ke fita daga akwati zuwa tayirod ba a yanka shi a yi masa walda, ko waye mai waldar. Irin wannan aiki ne ma masu duba lafiyar mota na DVLA ke da hujjar mayar da kai a kansa.

Famfon lantarki irin na Opel Astra G yana da nasa moto, ba ruwansa da bel. Yana iya yi wa ƙaramar a-kori-kura aiki idan babu wurin ɗaura famfo a injin. Amma na bolt 12 ne, yana jan wuta da yawa lokacin juyi, sai da waya mai kauri da fiyus da altaneta mai ƙarfi. Manyan motoci bolt 24 suke, kuma man da yake turawa bai isa babban akwati ba.

15. Idan fawa ta ɗauke a hanya, tsakanin Kintampo da Tamale misali, me zan yi?

Sitiyari bai rabu da tayoyi ba, nauyi ne zai sauko maka gaba ɗaya, kuma yana ƙaruwa yayin da gudu ke raguwa. Riƙe da hannu biyu, sauka daga gudu a hankali, ka nemi gefe mai faɗi. A wasu a-kori-kurar Amurka famfon nan ne ke taimakon birki ma, to birkin zai yi tauri bayan 'yan takawa kaɗan.

Idan tiyo ne ya fashe, kashe injin da zarar ka tsaya. A mai bel, in bel ɗin famfo shi kaɗai yake ja, ana iya cire shi a lallaɓa da mota marar lodi zuwa gari mafi kusa. A mai giya babu wannan dama, muddin injin na aiki famfo na juyawa a bushe, don haka a gyara a nan inda aka tsaya. Da tirela mai lodi kada a gwada tafiya ba fawa ko kaɗan. Shi ya sa mai tafiya Bolga ko Paga ya kamata ya ajiye bel na ƙari, da galan na man da motarsa ke sha, da tiyon matsi da aka riga aka matse daidai da nasa, tare da sifanun da ke kwance bakinsa.